Kullen Shekarar 2020 a Basawa da Samaru da Sabon Gari: Taro, Wasa da Sadaka a Lokacin Annoba

Ran Alhamis 26 ga watan Maris 2020, Mataimakiyar Gwamnan Jihar Kaduna, Dokta Hadiza Balarabe, ta yi wa jama'a jawabi, ta ce daga tsakar daren nan kowa ya zauna gidansa dare da rana saboda cutar korona. Aka rufe kasuwa da ofis da masallaci da coci, aka hana biki da kowane irin taro, aka hana 'yan acaɓa da masu keke mai ƙafa uku ɗaukar mutane. Bayan kwana biyu sai Gwamna Malam Nasiru El-Rufa'i ya sanar da cewa shi kansa ya kamu. Wannan kulle ya yi kwana 75, ba a sassauta shi sosai ba sai ran 9 ga Yuni. A lokacin da aka sa shi, wata guda ke nan da samun mutum na farko mai cutar a Nijeriya, wani Bature ɗan Italiya da ya sauka Ikko a ƙarshen Fabrairu.

Abin da ya kamata mai nazarin tarihi ya fara lura da shi shi ne dokokin da Gwamnati ta dogara a kansu. Ba sababbi ba ne. Ɗaya ita ce Dokar Killacewa ta 1926, ɗaya kuma Dokar Lafiyar Jama'a wadda asalinta ya koma 1917. Watau an tari annobar zamanin jirgin sama da wayar hannu da makamin da aka ƙera zamanin Razdan da Joji. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, gama tsohuwar doka ba ta rasa amfani don tsufa. Amma kowace doka tana ɗauke da tunanin waɗanda suka rubuta ta, kuma ƙasar da ta fi dacewa a duba wannan tunani ita ce wadda ta tashi daga Sabon Garin Zariya ta bi ta Kwangila da Palladan zuwa Samaru da Basawa, domin kusan dukanta a ƙarƙashin irin tunanin nan aka gina ta.

Sabon Gari ɗan jirgin ƙasa ne. Hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano ta ratsa Zariya a 1911, aka yanka wa ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa baƙi wurin zama nesa da ganuwar birni. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa Zariya cikin garuruwa masu daraja ta biyu, tare da Kano da Kaduna, kuma ƙa'idar lokacin ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga wannan gefe ya kai wancan. Samaru kuwa ta girma ne a gindin gonar gwaji ta Ma'aikatar Gona wadda aka fara cikin shekarun 1920, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta mai da ita garin ɗalibai. Basawa tsohon ƙauye ne na manoma, amma barikin soja da cibiyoyin bincike na Gwamnatin Tarayya sun sauke masa baƙi daga ko'ina. Galibin mutanen waɗannan wurare ba su da rumbu. Abin da mutum ya samo da rana shi ya ke ci da dare, kuma ba ya samunsa sai inda mutane suka taru.

Shekara bakwai bayan zuwan jirgi sai hanyar nan ta kawo baƙon da ba a gayyata ba. A watan Satumba 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Ikko da masu murar nan da ta game duniya a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko. Daga bakin teku ta bi hanyar jirgi da kogi ta hau Arewa cikin 'yan makonni, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa ta kashe wajen mutum 500,000 cikin miliyan 18 da ke Nijeriya a lokacin. A Ikko hukuma ta bi gida gida tana neman marasa lafiya, mutane kuwa suka tsorata suka gudu ƙauyuka, suka tafi da cutar inda ba ta kai ba tukuna. Bayan wannan, annobar ɓera ta faɗa wa Ikko a 1924, kuma a cikin zafinta aka yi dokar 1926. Gajeriyar doka ce ƙwarai. Ta ambaci kwalara da annobar ɓera da shawara da agana da zazzaɓin ƙwarƙwata, ta ba shugaba ikon ƙara wata cuta, da ikon cewa wuri kaza ya kamu, da ikon tsare shiga da fita. Duk hankalinta yana kan raba mutum da mutum. Yadda wanda aka tsare zai ci abinci ba ya cikin abin da ta kula da shi, domin masu rubuta ta sun bar wannan ga dangi da masu unguwa da En'e.

To, a nan ne matsalar 2020 ta ke. A idon doka, sallar Juma'a da ɗaurin aure da dambe da kallon ƙwallo duk abu ɗaya ne, watau taro, kuma taro shi ne hanyar cuta. Likitoci ba su yi kuskure ba a kan wannan. Amma a ƙasar Hausa taro ba hutu ba ne kaɗai wanda za a ɗage sai an sami sauƙi. Ta cikinsa dukiya ta ke gangarowa daga mai shi zuwa maras shi. A ɗauki biki guda a Hayin Dogo ko Muciya. Kafin a kai amarya ɗakinta, tela ya ci, mai ƙunshi ta ci, mai hayar rumfa da kujeru ya ci, haka mai hoto, da mai goro, da matan da ke girki, da makaɗa, da maroƙi wanda ke faɗin asalin kowa, da zabiya, da yaran da ke jiran ragowar tukunya. Ba ɗaya daga cikinsu da sunansa ke cikin littafin wata ma'aikata. Ran da aka hana biki, duk aka sallame su aiki ba tare da kowa ya san adadinsu ba.

Samaru ta sha nata kashi biyu. Tun kafin kulle ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aiki cikin watan Maris, kuma ba ta janye ba sai ran 23 ga Disamba. Saboda haka ko da aka buɗe gari a watan Yuni, Jami'a ta zauna shiru, ba ɗalibai, sai Janairu 2021. Masu sayar da abinci a bakin ƙofa, da masu buga takardu da ɗinke su, da masu wanki, da masu gidajen haya, wata goma suka yi suna kallon hanya. Dandalin wasan kwaikwayo na Jami'a, wanda aka gina da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe cikin shekarun 1970, wanda kuma daga cikinsa ɗalibai suka saba fita su yi wasa a unguwannin Samaru a kan tsabta da ruwan sha da lafiya, shi ma a rufe ya ke. Abin takaici ne a ce kayan aikin da aka daɗe ana wasawa domin faɗakar da talakawa a kan cuta, ranar da aka fi bukatarsa ita ce ranar da ba shi da halin fita.

Kullen ya haɗiye watan azumi ɗungum. An ɗauki azumi ran 24 ga Afrilu, aka yi Ƙaramar Salla ran 24 ga Mayu. Jama'atu Nasril Islam, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ke shugabanta, ta ce a dakatar da taron tafsiri da sallar asham a masallatai, malamai su yi karatu ta rediyo da talabijin da intanet. Manyan malamai masu almajirai da masu ɗaukar nauyi sun iya. Ƙaramin malami na masallacin unguwa, wanda kyautar rufe tafsiri ita ce rabin abin da ya ke samu a shekara, bai iya ba. Tashe, wanda yara ke farawa in azumi ya kwana goma, fita ce da dare gida gida, saboda haka ya faɗa cikin abin da aka hana ko da ba wanda ya tuna da shi sa'ad da a ke rubuta dokar. Ran Salla ba a je idi ba a Jihar Kaduna, alhali kuwa a Kano, inda cutar ta fi tsanani, Gwamnati ta yarda an yi. Mutumin Dogarawa da ke da 'yan'uwa a Kano yana jin labarin idinsu ta waya, shi kuwa yana zaune a zaure da sabuwar riga. Da wuya a fahimtar da irin wannan mutum cewa ilmin likita ɗaya ne ke aiki a garuruwan biyu. Ba a yi hawa ba, har da Hawan Bariki wanda ke fito da Sarki daga birni zuwa gefen Sabon Gari, don haka masu dawaki da masu kayan doki da 'yan bindiga da masu algaita suka rasa kakarsu.

Samari kuwa abin da ya fi damunsu gidan kallon ƙwallo ne. Da fari ba su yi hasarar kome ba, tun da ya ke Ingila ma ta tsai da wasanninta ran 13 ga Maris. Amma ran 17 ga Yuni aka koma wasa can, filaye ba 'yan kallo, a nan kuwa sassaucin 9 ga Yuni bai haɗa da wuraren wasa da na shaƙatawa ba, kuma dokar hana fita ta dare tana nan daga ƙarfe 8. Masallaci da coci an ba su Juma'a da Lahadi kaɗai, sa'a guda guda.

Me Gwamnati ta tanada domin waɗannan mutane? A Ingila, inda ma'aikata ɗaya ce a lokacin ke riƙe da al'adu da wasanni da ƙungiyoyin agaji da tsaron intanet, an ware fam miliyan 750 domin ƙungiyoyin agaji a watan Afrilu 2020, aka kuma ware fam miliyan 1,570 domin gidajen wasa da na tarihi a watan Yuli. Ba yawan kuɗin ne abin dubawa ba, gama arzikin ƙasashen ba ɗaya ba ne. Abin dubawa shi ne can kowane gidan wasa da kowace ƙungiya na da rajista da asusu a banki, saboda haka hukuma ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. A Nijeriya Ministan Watsa Labarai da Al'adu, Alhaji Lai Mohammed, ya kafa kwamiti a watan Mayu ƙarƙashin ɗan wasan barkwancin nan Ali Baba, don ya duba halin da masu fasaha ke ciki. Daga baya aka fito da asusun Naira biliyan 75 na ceto ƙananan sana'o'i, wanda a cikinsa a ke ba mai sana'ar hannu Naira 30,000. Amma neman yawancin irin wannan tallafi ta intanet a ke yi, da lambar banki. Mai kalangu na Bomo ba domin irinsa aka yanka wannan riga ba.

Batun sadaka shi ne ya fi kowanne nauyi. Kafin zuwan kowace ƙungiyar agaji mai ofis, ƙasar Hausa na da nata tsari: sadakar Juma'a a ƙofar masallaci, kunu da ƙosai na buɗa-baki, zakkar kono, tuwon da a ke zuba wa almajiri a ƙofar gida, da baikon coci ga mabiyanta a Sabon Gari. Dukansu sai ƙafa ta taka, hannu ya miƙa wa hannu. Da aka rufe masallaci aka tsare hanya, sai makaho da gurgu da tsohuwa maras ɗa suka rasa wurin zamansu na neman abinci, Gwamnati kuwa ta wayi gari ita ce mai bayarwa tilo. Jihar Kaduna ta ware Naira miliyan 500 don sayen abinci a raba wa masu rauni. A ƙarshen Afrilu ta ce manyan masu muƙami su ba da rabin albashinsu, ma'aikacin da ke ɗaukar Naira 67,000 zuwa sama kuma a yanke masa kashi 25 cikin ɗari. Ƙungiyar ƙwadago ta ƙi yarda, ta ce abin da aka karɓa tilas ba a kiransa gudummawa. Hujjarta na da ƙarfi, kuma akwai wata a bayanta: ma'aikacin nan da aka yanke wa albashi shi ne dā ma ke ciyar da gida uku ko huɗu na dangi, saboda haka an ɗebe daga tsohuwar hanyar taimako ne aka zuba a sabuwa wadda ba ta san gidajen ba. An kuma riƙa buɗe gari kwana biyu a mako don a sayi abinci, aka kafa kasuwannin wucin gadi a filayen makarantu. A ranakun nan cunkoson da a ke gudu shi ne ke dawowa ninki biyu.

Almajirai su ne suka fi kowa ɗanɗana wannan juyi. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka shirya kowace jiha ta mai da almajiran da ke cikinta garuruwan iyayensu. Gwamnan Kaduna ya ce jiharsa ta mai da fiye da 30,000, ya kuma ce a cikin 169 da aka kawo daga Kano an sami 65 ɗauke da cutar. Zariya gari ne na karatu tun kafin Jihadi, unguwanni irin su Juma da Kona an san su da malamai, kuma tsangayu sun bazu har bakin Samaru da ƙauyukan Basawa. Ba mai musun cewa barin ƙaramin yaro yana yawo da ƙoƙo abin gyara ne, kuma jihar ta riga ta yi dokar kare yara tun 2018. Amma loda yara cikin motoci a ratsa da su jiha jiha a tsakiyar annoba, a lokacin da aka hana kowa tafiya, ya yi kama da abin da ya faru a Ikko a 1918, sai dai wannan karo hukuma ce ta biya kuɗin mota. Hanyar Kano, wadda ta bi ta Kwangila, ita ce Gwamnati ta fi tsoro, har ta tura manyan jami'anta su tsare kan iyaka da kansu lokacin Salla, bayan ta yi kukan cewa masu tsaro na karɓar na goro su bar motoci su wuce.

Attajirai sun kafa tasu ƙungiya, CACOVID, a ƙarshen Maris, Alhaji Aliko Ɗangote da Babban Bankin Nijeriya na kan gaba. Ta tara biliyoyin Naira, ta sayi abinci ta miƙa wa jihohi su raba. A watan Oktoba, bayan zanga-zangar neman rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a garuruwa da yawa, har da Kaduna, suka tarar da buhuna jibge. Gwamnatoci suka ce ana jiran tsarin rabo ne, talakawa suka ce ɓoyewa aka yi. Ko wanne ne gaskiya, abincin da aka saya domin yunwar watan Mayu yana cikin sito a watan Oktoba. Jihar Kaduna ta sake sa dokar hana fita.

Saura taron da doka ba ta iya rufewa ba. Da aka watse daga majalisar ƙofar gida da teburin mai shayi, sai hira ta koma cikin waya. A majalisa in mutum ya faɗi abin da ba shi ba ne, akwai dattijo da zai ce masa a ina ka ji. A WhatsApp da Facebook ba wannan dattijo. Saƙon murya ya fi rubutu tafiya, domin ba ya bukatar karatu, kuma da Hausa ya ke zuwa, daga wayar ɗan'uwa. Aka ce cutar ta masu kuɗi ce da ke hawa jirgin sama, aka ce zafin rana na kashe ta, aka ce na'urar sadarwa ta 5G ke kawo ta, har hukumar sadarwa ta ƙasa ta fito ta ƙaryata. Da Shugaban Amurka Donald Trump ya yabi maganin kulorokwin a watan Maris, cikin kwanaki aka kwantar da mutane a Ikko saboda sun sha fiye da kima. 'Yan damfara kuma suka riƙa aika saƙo wai Gwamnati na rabon kuɗi, a turo lambar banki, kuma ƙaryar ta sami wurin zama domin da gaske Ma'aikatar Jin Ƙai tana raba Naira 20,000 ga waɗansu gidaje.

Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan jahilci. Mutanen Arewa suna tune da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996, wanda shi ne ya share fagen ƙin allurar shan-inna a 2003. Sa'an nan a watan Afrilu 2020, sa'ad da masu haƙa kabari a Kano ke cewa gawa ta yi yawa, hukumar jihar ta fara da cewa ba korona ba ce. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma rabi ko fiye mai yiwuwa cutar ce. Wanda ya ga haka ba zai ɗauki sanarwar hukuma ya ajiye ta waya ba. Makaman da Gwamnati ke da su a wannan fage kuwa na horo ne: dokar laifuffukan intanet ta 2015, da ƙudurin hana yaɗa ƙarya wanda jama'a suka yi wa ca a zaman sauraron Majalisar Dattawa cikin Maris 2020, da tarar kalaman ƙiyayya a gidajen rediyo wadda aka ɗaga daga Naira 500,000 zuwa miliyan 5 a watan Agusta. Abin da ya yi amfani a zahiri tsohon abu ne, watau rediyo. Ta nan aka ji tafsiri, ta nan likitoci suka amsa tambayoyi da Hausa, ta nan kuma Jihar Kaduna ta riƙa koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare darussa.

Ran 20 ga Satumba 2020 Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris ya rasu a asibitin soja na Kaduna, bayan shekara 45 a kan gadon sarauta. Da yammacin ranar dubban mutane suka cika ƙofar fada domin jana'iza, daga birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, kafaɗa da kafaɗa, manyan Gwamnati na cikinsu, ba kuwa wanda ya yi zancen hana taro. Ran 7 ga Oktoba aka naɗa Alhaji Ahmed Nuhu Bamalli. A watan Janairu 2021, watan da ɗalibai suka fara komowa Samaru, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sababbin ƙa'idodi: a sa takunkumin fuska, kada taro a cikin ɗaki ya wuce mutum 50, wuraren ibada kada su wuce rabin abin da su ke ɗauka, wanda ya saɓa a ci shi tara ko ɗaurin wata 6. Ikon da ya dogara a kansa wajen sa hannun shi ne na dokar 1926.